Daga Gonar Dankali zuwa Filin Olamfik: Ziyara a Mahaifar Martin Sheridan

Mu mutanen arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har Dambatta da Makoɗa da Kunci, ba mu saba ganin ƙasa a kwance babu mai taɓa ta ba. Duk inda ka tsaya sai ka hango rumbunan wani gida, ko ka jiyo luguden matan wani. Gonar da kaka ya noma ita jika yake nomawa, ba a bar ta ta huta ko damina guda ba, takin dabbobi da tokar murhu da jakuna ke kai mata a mangala su ne suke riƙe da ita. Shi ya sa abin da ya fara ɗaure mini kai a yammacin ƙasar Ayilan shi ne yawan fili da ƙarancin mutane. Daga Dublin, babban birnin ƙasar, mota takan yi kamar awa uku kafin ta shiga gundumar Mayo. Da an haye kogin Shannon sai ƙasa ta fara sauyawa: gonaki ƙanana, da yawansu an kewaye su da duwatsun da aka jera ba siminti ba laka, ga ciyawa kore shar, ga tumaki da shanu suna kiwo ba makiyayi, amma sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mutum ɗaya a ƙafa ba.

Ƙanena da ke aikin asibiti a can, wanda shi ne mai masaukina, ya lura ina ta leƙen taga. Ya ce, "Yaya, dubi gefen tsaunin can da kyau." Na duba, sai ga alamun kunyoyi a jere ƙarƙashin ciyawa, tun daga gindin tsaunin har kusa da kansa. Kunyoyin dankali ne na mutanen da suka shuɗe.

Ƙidayar 1841 ta sami mutum kusan 389,000 a Mayo. A lokacin ƙauyukansu a cushe suke, gida na jin tarin gida, kowane iyali yana rayuwa a kan ɗan fegin da ya karɓa haya daga masu ƙasa, abincinsu kuma kusan guda ɗaya ne, dankalin Turawa. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa tun yana cikin ƙasa. Yunwar da ta biyo baya ta kashe kimanin mutum miliyan 1 a faɗin Ayilan, wasu miliyan 1 suka shiga jiragen ruwa suka bar ƙasar. Zuwa 1851 mutanen Mayo sun koma kimanin 274,000, yau kuwa ba su kai 140,000 ba. Tun daga wancan zamani ci-rani ya zama gadonsu, sai dai nasu ya fi namu ɗaci. Namu saurayin yakan tafi Legas ko Fatakwal bayan kaka, ya dawo da ruwan farko. Nasu kuwa in ya haye teku zuwa Amurka, galibi uwarsa ta yi masa ganin ƙarshe ke nan.

Ɗaya daga cikin waɗannan samari ne ya sa muka ratse zuwa Bohola, wani ɗan ƙauye a bakin hanya tsakanin garuruwan Castlebar da Swinford. Ƙauyen bai wuce coci da makaranta da 'yan kantuna da gidaje a warwatse ba. A nan aka haifi Martin Sheridan ranar 28 ga Maris, 1881, a wata unguwar manoma da ake kira Treenduff. Shi ne ya zama gwanin jifa na zamaninsa, ya ci wa Amurka lambobin zinare 5 a manyan gasannin duniya na 1904 da 1906 da 1908. Mutanen Bohola sun kafa masa abin tunawa a cikin ƙauyen, sun sa wa zauren taronsu sunansa. Dattijon da muka tambaya hanya bai tsaya tunani ba, ya jero mana biranen da ɗan garinsu ya yi nasara a cikinsu, da shekarun, kamar jiya abin ya faru, alhali mutumin ya fi shekara 100 a kabari. Mu mukan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A Bohola maganar ba ta ci ba.

Wanda yake son ya san inda ƙarfin irin su Sheridan ya samo asali, sai ya shiga gidan tarihin rayuwar karkara da gwamnatin ƙasar ta buɗe a 2001 a Turlough, kusa da Castlebar. Gida ne guda da aka keɓe wa kayan aikin talaka: dogayen shebur na huɗar dankali, manyan laujuna na yankan ciyawa, sandunan bugun hatsi, kwandunan da ake rataya wa jaki hagu da dama, da wani ƙarfe na musamman da suke yanko baƙin lakan fadama da shi, su shanya, in ya bushe ya zama musu itacen girki da na jin ɗumi. Na daɗe a gaban waɗannan kaya. An goge su, an rubuta sunan kowane da aikinsa da gundumar da aka samo shi, ga ɗalibai suna zagayawa da malamansu suna rubutu. Yaron da ya tashi yana haƙar wannan laka, yana tone duwatsu daga gona yana jera su a iyaka, kafaɗarsa da ƙugunsa sun gama ƙwari tun bai san akwai wani abu wai shi motsa jiki ba.

Wasan samarinsu ma daga kayan aiki ya fito. In an tashi daga coci ran Lahadi, ko an taru ranar kasuwa, sai a ari babbar gudumar maƙeri a ga wanda zai fi wurga ta nesa. Ko kuwa a ɗauko ƙarfen awon sikeli da ake auna amfanin gona da shi, mai nauyin kilo 25 da ɗoriya, wato rabin buhun siminti, a kama zobensa a yi lilo da shi a cilla. Har zuwa nan babu abin da suka fi mu, domin mu ma muna da kokawa da dambe da langa a dandali bayan girbi, yaranmu kuma suna koyon saiti da majajjawa wajen korar tsuntsu daga gero.

Inda suka sha gabanmu shi ne abin da suka yi a 1884. A wancan lokaci wasannin da aka tsara suna hannun masu hali, ran Asabar ake yin su, sa'ad da lebura yake bakin aiki. Sai wani malamin makaranta, Michael Cusack, da wani manomi, Maurice Davin, wanda shi kansa zakaran jifan guduma ne, suka kira taro a garin Thurles suka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta ƙasa da ake kira GAA, aka naɗa Davin shugabanta na farko. Suka mai da wasa ran Lahadi, suka rubuta dokoki, suka sa kowace unguwa ta kafa reshenta. Tun daga nan jifan da saurayi ya yi a ƙauye ba ya ƙarewa a bakin 'yan kallo. Akwai alƙali, akwai igiyar awo, akwai mai rubutawa, jarida kuma ta buga. Wanda ya yi zarra a unguwa ya je gunduma, na gunduma ya je gasar ƙasa. Ƙungiyar tana nan har yau, ba ta biyan 'yan wasanta albashi, amma kusan duk ƙauyen da muka ratsa a Mayo yana da filinta, an share shi, an kafa turaku, babban filinta na Croke Park a Dublin kuwa yana cin mutum fiye da 82,000. A 1888 ƙungiyar ta kai 'yan wasa kimanin 50 Amurka don nuna bajinta, da yawansu suka ƙi dawowa. Cikinsu har da James Mitchel, wanda ya shekara da shekaru yana riƙe da kambun jifan guduma a can. Hanyar da Sheridan ya bi ke nan, ya tarar an riga an share ta.

Yana saurayi ya bi yayansa Richard zuwa New York, shi ma Richard ɗin majefi ne. Ya shiga ƙungiyar wasanni ta 'yan Ayilan mazauna Amurka, mai tambarin dunƙulallen hannu da fukafukai, daga baya a 1906 ya shiga aikin ɗan sanda. Wasan da ya zaɓa, jifan faifai, sabo ne ƙal a Amurka. Faifai ne na katako mai bakin ƙarfe, nauyinsa kilo 2, tsohon wasan Girkawa da aka farfaɗo da shi a gasar Olamfik ta farko a Atina a 1896. Ba'amurken da ya ci shi a waccan shekara, Robert Garrett, ɗalibin Jami'ar Princeton, bai taɓa ganin faifan gaske ba kafin ya isa Girka. Maƙeri ya sa ya ƙera masa wani bisa kwatance, ya fito da nauyin da ba ya jefuwa, har ya fid da rai. Da ya je ya ɗaga na ainihin ya ji shi sakayau, sai ya shiga gasar, ya jefa mita 29.15, ya ka da Girkawa a gidansu. Shekara 6 kacal bayan haka, a 1902, Sheridan ya zama mutum na farko da ya haura mita 40.

Ba ƙato ba ne irin na ban tsoro. Tsawonsa kamar mita 1.90, nauyinsa bai kai kilo 90 ba. Sirrinsa sauri ne da iya juyi. Da'irar da ake jifa a cikinta a lokacin faɗinta mita 2.13 ne, kuma ƙasa ce tsura, ba daɓen siminti irin na yau ba. A cikin wannan ɗan wuri majefi zai juya, ƙarfi ya taso daga ƙafa ya bi ta ƙugu ya fita ta yatsu, kuma kada ya taka layi. Mai dogaro da damtse kaɗai ba ya zuwa ko'ina.

A gasar Olamfik ta 1904 a birnin St. Louis ya haɗu da Ralph Rose, wani basamuden saurayi daga Kalifoniya wanda ya riga ya ci zinaren jifan dalma a gasar. Aka yi jifa aka auna, kowannensu mita 39.28, babu wanda ya fi wani ko da faɗin farce. Alƙalai suka ce a sake tsakanin su biyun, a nan Sheridan ya yi galaba. Gaskiya ne baƙi kaɗan ne suka halarci waccan gasa saboda nisan tafiya, don haka jarrabawar gaske sai a 1906, da aka koma Atina, a filin wasanta na farin dutse. A can ya ci zinare a faifai da mita 41.46, ya ci zinare a dalma, ya zo na biyu a jifan dutse bayan Bagirke Nikolaos Georgantas, sa'an nan ya ƙara azurfa biyu a tsallen sama da tsallen nisa waɗanda ake yi daga tsaye ba tare da gudu ba. Lambobi 5 a gasa guda, kuma biyu daga ciki a tsalle, abin da ba a saba gani ga majefi ba. Hukumar Olamfik ta yanzu ba ta lissafa gasar 1906 cikin na ƙa'ida, amma waɗanda suka fafata a cikinta su ne gwanayen duniya na lokacin.

A Landan a 1908 ya sake cin faifai da mita 40.89, Amurkawa suka kwashe matsayi uku na farko. Ya kuma ci wani salon da ake kira na Girkawa, inda majefi yake tsayawa a kan ɗan dandamali mai gangara ya yi jifa ba tare da juyi ba, ya ƙara da tagulla a tsallen nisa daga tsaye. Da aka tashi gasar bai zarce Amurka ba, sai da ya biyo ta gida, jama'a suka yi dafifi suna tarbarsa.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma wannan ne ya fi ba ni sha'awa. John Flanagan, ɗan gundumar Limerick, ya ci zinaren guduma sau uku a jere, 1900 da 1904 da 1908. Matt McGrath, ɗan Tipperary, ya ci a 1912 a Stockholm da mita 54.74, bajintar da ba a karya a Olamfik ba sai 1936, ya kuma dawo ya ci azurfa a 1924 yana dab da shekara 50. Pat McDonald, ɗan Clare, mai ba da hannu a mahaɗar Times Square, ya ci dalma a 1912, ya ci jifan ƙarfen sikeli a 1920 yana ɗan shekara 42. Pat Ryan, shi ma ɗan Limerick, ya jefa guduma mita 57.77 a 1913, aka yi shekara 25 ba a sami wanda ya wuce shi ba. 'Ya'yan karkara ne, mafi yawansu 'yan sandan New York. Saboda girman jiki da yawan ci, 'yan jarida suka yi musu laƙabi da sunan manyan dabbobin nan na teku da suka fi kowace dabba girma. Flanagan ya koma gida daga baya, ya taimaka wajen horar da Pat O'Callaghan, wanda ya ci wa Ayilan ita kanta zinaren guduma a 1928 da 1932, bayan ƙasar ta sami tutarta.

Da hanya ta kai ni New York, na hau jirgin ƙasa mai lamba 7 zuwa yankin Queens don in ga filin ƙungiyar wasannin nan ta 'yan Ayilan mazauna Amurka, Celtic Park. Filin babu shi. An sayar da shi wajen 1930, an gina dogayen gidajen haya na jan bulo, amma gidajen suna amsa sunan filin har yau, an kuma sa wa wani titi a gefensu sunan tambarin ƙungiyar. A wannan wuri ne aka yi abin da ya fi dukan lambobin Sheridan burge ni. A lokacin Amurkawa suna da wata gasa ta gwanin gwanaye, wasanni 10 a yini ɗaya, da gudu da tsalle da jifa har da tafiyar sauri, a tara maki. Sheridan ya ci ta a 1905 da 1907 da 1909, a ta ƙarshen ya tara maki 7,385, wanda ba a taɓa kaiwa ba. A watan Satumba na 1912, bayan ya bar wasa, sai ga Jim Thorpe, ɗan ƙabilar Sac da Fox ta 'yan asalin Amurka, wanda ya dawo daga Stockholm da zinare biyu. A Celtic Park, a gaban Sheridan, Thorpe ya tara 7,476. Gaba da gabanta. Sheridan ya je ya miƙa masa hannu, ya shaida wa 'yan jarida cewa Thorpe ya fi shi, ya fi kowa. Yabon gwani ya zama dole, amma ba kowane gwani ne yake iya yabon wanda ya ture shi ba. Abin lura kuma, mutanen nan biyu ba su kara da juna a ranar ba. Lambar da aka rubuta shekara 3 da suka wuce ita ta tsaya a madadin Sheridan, ita Thorpe ya yi kokawa da ita.

Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa maƙabartar Calvary, inda aka binne shi. Ciwon huhu ya kama shi a farkon 1918, shekarar babbar annobar mura, ya rasu ranar 27 ga Maris, saura kwana ɗaya ya cika shekara 37. Rundunar 'yan sandan birnin ta yi shekaru da dama tana ba da lambar jarumta da sunansa. Majefan yau suna haura mita 70 da faifai, ga masu horarwa, ga likitoci, ga abinci na musamman. Amma duk wanda ya buɗe littafin tarihin wasan zai tarar da sunan ɗan manomin Bohola a shafukan farko, da adadin abin da ya jefa, har zuwa santimita.

Wannan shi ne abin da na yaba wa mutanen nan. Talakawa ne da yunwa ta tarwatsa, ba su da ƙasar kansu a lokacin, amma sun ɗauki wasan samarinsu da muhimmanci har suka yi masa doka da ma'auni da littafi. Mu kirari muke yi wa gwanayenmu, kalangu ya ɗauka, maroƙi ya kai sunan gari-gari, kuma wannan abu ne mai daɗi da su ba su da irinsa. Sai dai in makaɗin ya mutu, tsaran gwanin suka bi shi, sai sunan ya dusashe, jikansa ma ba zai iya faɗin wa ya kayar ba, a wane gari, a wace shekara.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauko kokawar kaka daga dandali suka mai da ita gasar ƙasa tun 1975, aka fara a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Ana zagayawa da gasar jiha-jiha, an gina mata filaye, kuma yaro a Damagaram ko Dosso zai iya jero maka sarakunan kokawa bi da bi. A fagen jifa kuwa, wanda ya fi ɗaga sunan Najeriya a 'yan shekarun nan, Chukwuebuka Enekwechi, da ya ci azurfar dalma a gasar ƙasashen renon Ingila ta 2018, a Queens ɗin nan aka haife shi, makarantun Amurka ne suka gano shi suka horar da shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Dawanau ya ga 'yan dako suna saɓa buhu mai kilo 100 suna hawa kan tirela da shi, ko ya ga samarin gayya suna huɗa daga hantsi har azahar, ya san ba damtse muka rasa ba. Filayen makarantun firamare suna nan a kowace mazaɓa, ba a komai a cikinsu tsawon rani. Dalma mai kilo 7.26 ba ta fi ƙarfin maƙeran Dambatta ko Bichi ba, igiyar awo kuma akwai ta a hannun kowane magini. Abin da ya rage shi ne dagaci ko shugaban makaranta ko ƙungiyar samari su tsai da rana bayan an shigar da amfanin gona, a sa alƙalin da kowa ya yarda da shi, a auna, a rubuta, baɗi a buɗe littafin a sake. Malamin makaranta ɗaya da manomi ɗaya ne suka fara wa Ayilan, kuma kowace ƙaramar hukuma a arewacin Kano tana da dubban irinsu.